Daga Tangaraho Zuwa Manhaja: Tarihin Rabon Zangon Rediyo da Tsara Hanyoyin Sadarwa a Katsina

1.0 Gabatarwa

Abin da muke so mu gabatar a wannan maƙala shi ne tarihin wata dukiya wadda ba a ganinta da ido, ba a kuma auna ta da mudu, amma duk da haka gwamnatoci na zama su raba ta, kamfanoni kuma na zuba maƙudan kuɗi don su sami kaso a cikinta. Dukiyar nan ita ce zangon rediyo, watau jerin matakan igiyar iska waɗanda muryar gidan rediyo da hoton talabijin da maganar wayar hannu suke bi kafin su iso gare mu. Tsofaffin masu sauraro sun san abin da sunan mita, domin sun saba jin mai gabatarwa na cewa ana kama tasharsu a kan mita kaza a gajeren zango.

Mun zaɓi birnin Katsina ya zama madubin wannan nazari saboda kusancinsa da iyakar Jamhuriyar Nijar. Garin da ke bakin iyaka shi ne ya fi kowa sanin amfanin kyakkyawan rabo, shi ne kuma yake fara ɗanɗana illar mummunansa. Za mu bi tarihin daki-daki: zamanin da saƙo yake bin waya, da zamanin da ya koma bin iska har aka shiga yarjejeniyoyin duniya, sa'an nan zamanin da lissafin rabon ya fi ƙarfin alƙalami aka miƙa shi ga kwamfuta da manhajojinta. A ƙarshe za mu faɗi abin da muke ganin ya rataya a wuyanmu, mu malaman manyan makarantu.

2.0 Kafin Zuwan Waya

Tun kafin Turawa su iso, Katsina tana da nata tsarin isar da saƙo. Akwai manzanni masu dawaki da ke kai takardun sarki ga hakimai, akwai sanƙira mai shela a cikin gari, akwai kuma ayarin fatake da ke ɗauke da wasiƙu zuwa Agadas da Gat da Tarabulus. Abin lura a nan shi ne, ko a wancan zamani ba kowane sauti aka sakar wa kowa ba. Tambari da kakaki na sarki ne, talaka ba ya kaɗa su ko busa su don kansa, domin in kowa ya buga tambari a lokacin da ya ga dama, ranar da aka buga na gaske ba wanda zai fito. Wannan ita ce hikimar da ke ƙarƙashin rabon zango a ko'ina cikin duniya: sautin da jama'a suka dogara da shi tilas a san mai shi, a kuma hana wani ya hau kansa.

Turawan Ingila sun shigo Katsina a 1903 ta Ƙofar 'Yanɗaka. Kafin wannan lokaci, tun 1886, an riga an haɗa Ikko da Landan da wayar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Gwamna Lugga ya ba wayar tangaraho muhimmanci ƙwarai, domin da ita ce 'yan tsirarun jami'ai suke iya riƙe ƙasa mai faɗi irin ta Arewa. Aka ja ta daga Lakwaja da Jaba da Zungeru zuwa manyan garuruwa, Katsina ma ta sami nata gidan waya. Tsarin wancan zamani aikin safiyo ne: a auna hanya, a ƙidaya turaku, a yi tanadin gara da gobarar daji. Yawancin manyan layuka sun bi hanyar jirgin ƙasa, ita kuwa hanyar jirgin da ta isa Kano a 1911, da reshenta da ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya Ƙaurar Namoda a 1929, ba ta ratsa birnin Katsina ba. Saboda haka tun daga farko birnin ya kasance a gefen babbar jijiyar sadarwa ta Arewa.

Waya ba ta yaɗu ba ko bayan shekaru masu yawa. Lokacin da Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960, layukan tarho 18,724 ne kacal a duk faɗin ƙasar, akasarinsu kuma a ofisoshin gwamnati da na En'e da na kamfanonin Turawa.

3.0 Shigowar Rediyo da Yarjejeniyoyin Duniya

Saƙon da ke bin waya ba ya damun maƙwabci, domin kowane layi da turakunsa. Da saƙo ya koma bin iska sai al'amari ya sake. In tashoshi biyu suka yi magana a kan zango ɗaya kusa da juna, mai sauraro ba zai ji ko ɗaya da kyau ba. Wannan ne ya tilasta wa ƙasashe zama a teburi guda. Ƙungiyar da ake kira ITU, wadda aka kafa a birnin Faris ranar 17 ga Mayu 1865 don daidaita harkar tangaraho, ita ce daga baya ta ɗauki wannan nauyi. A 1906, shekarar da Muhammadu Dikko ya hau gadon sarautar Katsina, aka yi taron Balin inda aka sa hannu a kan yarjejeniyar farko ta duniya game da rediyo. Taron Washintan na 1927 ya fito da jadawalin da ya keɓe wa kowane irin aiki nasa yanki na zango. A 1947 kuma aka kafa hukumar rajista, aka ce duk ƙasar da ta ba wata tasha zango ta kai a rubuta a babban kundi, don ta sami kariya daga katsalandan.

A Nijeriya kuwa, rediyon farko da talaka ya sani ta waya yake zuwa. Gidan rediyo ya kama shirin Landan, sa'an nan ya tura shi ta waya zuwa akwatunan da aka rataya a gidaje da dandali. An fara wannan a Ikko cikin shekarun 1930, aka buɗe na Kano a 1944. Daga nan aka kafa hukumar watsa labarai ta ƙasa a 1951, aka mai da ita NBC a 1957, shekarar da BBC ta fara shirin Hausa. Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe nata gidan rediyo da talabijin a Kaduna a 1962. Da ƙaramin akwatin rediyo mai batir ya yawaita, sai Bakatsine ya zama mai yawo a kan zanguna, daga Kaduna zuwa Landan, daga Yamai zuwa Kolon ta Jamus, wadda ita ma ta fara Hausa a 1963.

Dokar da ta ba Gwamnatin Tarayya ikon mallakar zango da ba da lasisi ita ce Dokar Tangarahon Iska ta 1961. Amma ikon gwamnati yana tsayawa a bakin iyaka, igiyar rediyo kuwa ba ta tsayawa. Matsalar ta fi tsanani a matsakaicin zango. Da rana akwai wani rufi na sararin sama da ke shanye igiyar da ta tashi sama, saboda haka tasha ba ta wuce yankinta. Da rana ta faɗi sai rufin nan ya gushe, igiyar ta haura ta daki wani rufi da ke bisansa ta dawo ƙasa a wuri mai nisan ɗaruruwan kilomita, wani lokaci fiye da 1,000. Dalilin da ya sa ke nan mai sauraro a Katsina yakan ji baƙin harsuna na kutsowa cikin tasharsa bayan magariba.

Don maganin wannan aka yi taron Janeba na 1975, wanda ya tsara matsakaicin zango ga Afirka da Turai da Asiya. Aka yanka shi gida 120, daga kilohaz 531 zuwa 1602, tsakanin kowane gida da na kusa da shi kilohaz 9. Tsarin ya fara aiki ranar 23 ga Nuwamba 1978. Duk wanda ya san lambar Rediyon Kaduna a matsakaicin zango, watau 594, in ya raba ta da 9 zai sami 66 cif, ba saura. Wannan lamba da manomi ya saba murɗawa ya kamo a gonarsa, a teburin Janeba aka tabbatar da ita. Haka kuma aka yi wa zangon FM, daga megahaz 87.5 zuwa 108, nasa tsari a 1984, aka yi wa talabijin na Afirka nasa a 1989.

4.0 Katsina da Maraɗi

A nan ya kamata mu tsaya mu dubi halin da Katsina take ciki. Bayan da masu jihadi suka ci birnin a 1807, zuriyar sarakunan Haɓe suka yi arewa suka kafa Maraɗi, har yau kuma sarkinta Sarkin Katsina ake kiransa. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 su ne suka ratsa layi tsakanin 'yan'uwan nan. Harshe ɗaya ne, auratayya da ciniki ba su yanke ba, amma kowane ɓangare da gwamnatin da ke ba shi zango.

Bari mu kawo ɗan lissafi don a ga girman al'amarin. Igiyar FM kusan a miƙe take tafiya, saboda haka tsawon eriya shi ne yake yanke iyakar tafiyarta. Ƙa'idar da injiniyoyi ke amfani da ita ta nuna cewa in eriyar tasha tana bisa turke mai tsawon mita 100, ta mai karɓa kuma tana bisa mita 10, za su hangi juna har zuwa kimanin kilomita 54. Daga Katsina zuwa Jibiya kimanin kilomita 45 ne, iyaka kuma tana gab da nan. Maraɗi kanta ba ta wuce kimanin kilomita 80 ba in an ja layi a miƙe. Daɗin daɗawa, raunin igiyar da bai isa a saurari tasha da daɗi ba ya isa ya ɓata wa wata tasha, ƙasar kuma shimfiɗaɗɗiya ce, ba manyan duwatsun da za su tare. Ke nan duk tashar da aka kafa a Katsina mai ƙarfin kirki tana da ruwa da tsaki a Nijar, haka nan tashoshin Maraɗi suke a wajenmu.

Yanayi ma yana da nasa hannu. A lokacin hunturu, sanyin dare yakan kwanta a ƙasa iska mai ɗumi ta hau kansa, sai igiya ta lanƙwasa fiye da yadda ta saba. Wani lokaci ta yi nisan da ba a zata ba, wani lokaci kuma ta kauce wa faifan da aka saita don ya karɓe ta. Wannan ya shafi layukan tarho na zamanin gidan waya da NITEL, wadda aka kafa a 1985, lokacin da lambar kiran Katsina take 065. Layukan nesa a lokacin suna tsalle ne daga turke zuwa turke. In tazarar turaku biyu ta kai kilomita 50, tudun da ƙasa ke yi a tsakiya saboda kewayenta ya kusa mita 37, ga kuma filin da tilas a bar wa igiyar don kada ta gogi ƙasa ko itace, wanda a zangon gigahaz 7 yakan kai mita 14. Injiniyan wancan zamani da taswirar safiyo da takarda mai layi-layi yake fitar da wannan, turke bayan turke.

Da aka ƙirƙiro Jihar Katsina ranar 23 ga Satumba 1987, birnin ya zama hedikwata, bukatarsa ta zango ta ƙaru: gidan rediyon jiha, da talabijin, da na'urorin 'yan sanda, da na filin jirgin sama. Dokoki biyu na 1992, mai lamba 38 da ta kafa hukumar kula da gidajen watsa labarai da mai lamba 75 da ta kafa hukumar sadarwa ta NCC, suka buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. Daga nan masu neman kaso suka yawaita, abin da ake rabawa kuwa bai ƙaru ba.

5.0 Wayar Hannu da Shigowar Manhaja

A watan Janairu 2001 hukumar NCC ta yi gwanjon lasisin wayar GSM, farashi ya tsaya a kan dala miliyan 285 kowane lasisi. MTN da Econet suka biya suka fara aiki a watan Agusta na wannan shekara, aka keɓe wa NITEL nata, Glo kuma ta biyo baya a 2003. Kafin wannan lokaci layukan da ke aiki a ƙasar ba su wuce kimanin 400,000 ba. Abin tambaya shi ne, mene ne ainihin abin da aka saya da wannan kuɗi? A zangon megahaz 900, kowane kamfani ya sami megahaz 5 na tafiya da 5 na dawowa, da ƙarin 15 da 15 a zangon 1800. Tun da faɗin kowace hanya ta GSM kilohaz 200 ne, megahaz 5 hanyoyi 25 ke nan. Kowace hanya kuma tana ɗaukar gurbi 8.

Hanyoyi 25 ba za su ishi ko unguwa ɗaya ba in sau ɗaya za a yi amfani da su. Dabarar ita ce a yanka ƙasa ƙananan yankuna, kowanne da turkensa mai ƙaramin ƙarfi, a maimaita hanya ɗaya a wurare da yawa muddin masu amfani da ita ba su yi kusa da juna ba. Alal misali, hanyar da aka ba turken Ƙofar Ƙaura ba za a ba na kusa da shi ba, amma ana iya maimaita ta can bayan Ƙofar Guga. Wannan matsala ta yi kama da ta mai cika hatimi, wanda tilas ya sa kowace lamba a gidan da ba za ta ɓata jimlar layi ba. Ba baƙon ilmi ba ne a wannan birni, domin Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi suna ne a kan littafin da ya rubuta game da hanyoyin cika irin waɗannan gidaje na lissafi. Bambancin shi ne, gidajen hatimi a ƙidaye suke, turakun waya kuwa dubbai ne, kowanne kuma yana shafar maƙwabtansa gwargwadon tudu da kwari da ginin da ke tsakaninsu.

A nan ne manhajar tsara sadarwa ta shigo. Akwai irinta da dama a kasuwar duniya, kamar Atoll da Asset da Planet, amma aikinsu kusan iri ɗaya ne. Da farko ana ɗora mata taswirar tudu da kwarin ƙasa. Mafi shahara ita ce wadda kumbon Amurka mai suna Endeavour ya auno cikin kwana 11 a watan Fabrairu 2000. A bisa wannan ana ɗora bayanin abin da ke kan ƙasa, watau cunkoson gidaje ko gonaki ko daji. Sa'an nan a ba ta wurin kowane turke da tsawonsa da ƙarfinsa da inda eriyarsa ta fuskanta. Ita kuma sai ta lissafa ƙarfin igiya a kowane ɗan murabba'i na taswirar, ta fito da shi launi-launi, ta nuna inda sabis zai kai da inda turaku biyu za su yi karo, ta kuma gwada dubban hanyoyin rabo har ta sami wanda karonsa ya fi ƙaranci.

Bayan isar igiya akwai lissafin cunkoso, wanda asalinsa aikin wani Badanmake ne mai suna Erlang, da ya buga ƙa'idarsa a 1917. In turke yana da hanya ɗaya, aka ware gurbi 1 don saƙonnin sarrafawa, saura 7. Ƙa'idar ta nuna cewa in ana so kada kiran da zai kasa shiga ya wuce 2 cikin 100, to gurabun nan 7 za su ɗauki nauyin mutum kimanin 117, in an ƙaddara kowa zai yi magana ta minti ɗaya da rabi a sa'ar da aka fi cunkoso. In gurabun suka zama 14, adadin zai haura zuwa kimanin 328, watau ya kusa ninkawa uku. Wannan shi ya sa turken da ke wadatar da jama'a a ranakun mako yakan toshe ranar hawan salla a Ƙofar Soro, ko ranar da kasuwar Jibiya ko ta Mai'aduwa take ci.

6.0 Kwamfuta a Teburin Shawara

Yadda kamfanoni suka koma ga manhaja, haka gwamnatoci ma. Babban misali shi ne taron Janeba na 2006, wanda ya tsara komawar talabijin daga tsohon tsari zuwa na dijital ga ƙasashe fiye da 100. Bukatun da ƙasashe suka gabatar sun haura 70,000. In da za a gwada kowace bukata da kowace, gwajin zai kusa 2,450,000,000. Tilas ta sa ITU ta nemi taimakon kwamfutocin cibiyar binciken kimiyya ta CERN don a riƙa gama lissafi cikin sa'o'i, wakilai su duba sakamako su koma ciniki, a sake lissafawa. Taron ya sa ranar 17 ga Yuni 2015 ta zama wa'adi. Nijeriya ba ta cika shi ba. An fara gwaji a Jos a 2016, aka ƙaddamar a Kano a 2021. Muhimmancin wannan sauyi shi ne, zangon da talabijin ya saki, na megahaz 700 da 800, yana tafiya nesa yana kuma ratsa gini, saboda haka shi ne ya fi dacewa da kai intanet karkara.

Don ƙasashe masu tasowa su iya riƙe nasu kundin, ITU ta fito da wata manhaja mai suna SMS4DC, wadda ke ajiye rajistar lasisi, ta yi lissafin katsalandan, ta kuma shirya takardun da ake aika wa Janeba. Da irin waɗannan kayan aiki ne ƙasashen Afirka suka sake duba tsarin FM na 1984 tsakanin 2019 da 2022, suka gano ƙarin gurabu fiye da 18,000. A cikin gida kuma, Dokar Sadarwa ta 2003 ta kafa majalisar ƙasa mai kula da rabon zango, wadda ke yanka wa NCC da hukumar gidajen watsa labarai nasu kaso. A farkon 2023 Nijeriya da Nijar suka sa hannu a Abuja a kan yarjejeniyar daidaita zanguna a bakin iyaka, daga megahaz 87.5 zuwa gigahaz 30. Mutanen Jibiya da Ɗan'isa, waɗanda wayarsu kan kama sabis ɗin ƙasar da ba su shiga ba, su ne za su iya ba da shaidar ko ta yi amfani.

7.0 Iyakar Abin da Manhaja Ke Iya Yi

Kada bayanin da ya gabata ya sa a ɗauka an gama magana. Akwai abubuwa biyu da ya wajaba mu yi hattara da su.

Na farko, ƙa'idojin da manhaja ke lissafi da su a wasu ƙasashe aka auno su. Wadda ta fi yaɗuwa a harkar wayar hannu ta samo asali ne daga awon da Okumura ya yi a yankin Tokiyo ya buga a 1968, wanda Hata ya mai da shi ƙa'idar lissafi a 1980. Tokiyo gari ne na dogayen benaye. Tsohon birnin Katsina kuwa gari ne na katangun ƙasa masu kauri da lunguna da rufin kwano, kewaye da gonaki waɗanda suke fili fetal da rani, su cika da dawa da gero da damina. In ba a fita da na'ura an auna ƙarfin igiya a kan tituna an gyara ƙa'idar ba, taswirar za ta nuna kore a inda mai waya yake hawa tudu yana neman sabis.

Na biyu, manhaja tana amsa tambayar da aka yi mata ne kawai. In aka tambaye ta inda turke zai fi kawo riba, za ta nuna birni da manyan hanyoyi. In aka tambaye ta inda mutane suke zaune ba sabis, za ta nuna wasu wurare dabam. Asusun da Dokar 2003 ta tanada don kai sadarwa karkara ya yi irin wannan tambaya ta biyu a 2013, ya gano yankuna 207 a Nijeriya masu mutum kimanin miliyan 37 da sabis bai kai gare su ba. Zaɓen tambaya aikin shugabanni ne.

Mun ga wannan a fili a watan Satumba 2021, lokacin da aka rufe sabis a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Jibiya da Batsari da Safana da Faskari da Ƙanƙara, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. An buɗe akasarinsu a watan Disamba na wannan shekara. Ba hurumin wannan maƙala ba ne ta yanke hukunci a kan matakin. Abin da ya shafe mu shi ne darasin da ya bari. Igiya ba ta san iyakar ƙaramar hukuma ba: in an kashe turke, ƙauyukan da ba a nufa ba suna iya shiga duhu, wanda aka nufa kuma yana iya hawa dutse ya kamo turken wata jiha ko na ƙetaren iyaka. A tsakanin nan akwai mai haƙuri da ke jiran kuɗin magani, da ɗan kasuwa, da mai son sanar da jami'an tsaro cewa an shigo garinsu. Duk hukumar da za ta ɗauki irin wannan mataki tana bukatar masanin da zai shimfiɗa mata taswira ya nuna mata wanda zai shafa.

8.0 Kammalawa

A taƙaice, mun ga yadda tsara sadarwa ya tashi daga ƙidayar turakun tangaraho, ya zama cinikin gwamnatoci a Balin da Janeba, ya kuma zama lissafin kwamfuta. A duk matakan nan an yanke abin da ya shafi Katsina a wurare masu nisa da ita. Abin da ake rabawa kuwa yana da daraja ƙwarai, domin a gwanjon 5G na watan Disamba 2021 an sayar da kowane kaso a kan dala miliyan 273.6.

Shawararmu ga manyan makarantun jihar, irin su Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsinma da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, ita ce su ɗauki awon igiyar rediyo a matsayin aiki mai ɗorewa. A auna cikin ganuwa da wajenta, da rani da damina da hunturu, a adana sakamakon shekara bayan shekara, a kuma nemi haɗin kai da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi don a auna ɓangarorin iyaka biyu da ma'auni guda. Haka kuma muna kira ga malaman Hausa da na injiniya su zauna tare su daidaita kalmomin wannan fanni, domin ɗan majalisa da hakimi da ɗan jarida su fahimci abin da ake rabawa da sunan jama'arsu. Masana tarihi kuma su bi takardun gidan waya da na En'e da ke ma'ajiyar tarihi ta Kaduna, su zanta da tsofaffin ma'aikatan waya da rediyo tun suna raye.